Yadda Haladu Mai Ƙanƙara Ya Kamo Walƙiya

Da sunan Mai kowa mai komai muke buɗe wannan babi, kuma muna roƙon masu sauraro su gyara zama, domin za a ambaci nasabar da ba a ambatonta a tsaitsaye. Wannan shi ne tarihin Haladu ɗan Nomau, Nomau ɗan Jatau Ci-garwashi, Jatau ɗan Bawale Mai-tsawa-a-hannu, Bawale ɗan Gagarau, wanda maruwaita suka haɗu a kan cewa shi ya fara hura wuta a Rafin Tama tun garin bai wuce bukkoki da kuka ɗaya ba. Zuriya ce ta maƙera, ma'abota masaba da awartaki, iyayengijin zugazugi, waɗanda ke ɗaukar ƙarfe ya yi jajir da tafin hannu suna gaisawa da mutane, waɗanda in tartsatsi ya faɗa musu a ƙeya sai su zaci ƙuda ne. Daga wannan tsatso mai alfarma, daga wannan gida da hayaƙi bai taɓa yankewa a cikinsa ba, Allah cikin hikimarsa ya fito da Haladu, mai sayar da ƙanƙara.

Tun yana ƙarami aka gane lamarinsa dabam ne. Ranar da mahaifinsa ya fara ɗora shi a kan zuga, tartsatsi ɗaya ya tashi ya sauka kusa da yatsan ƙafarsa, sai aka neme shi aka rasa, daga baya aka same shi a bayan randa. Ya girma mutum mai haƙuri da fara'a, mai ɗan tumbi da sanƙo, ya buɗe shago a bakin tasha, ya zuba firiza da batiran sola, yana sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya da matarsa Lantana ke haɗawa. Kowa a garin yana son sa, musamman da bazara. Sai dai a gidan kakanninsa, duk shekara washegarin Babbar Sallah, idan zuriya ta taru a tsohuwar maƙera aka shimfiɗa wa mazaje babbar tabarma, shi aikinsa shi ne zagayawa da kula yana raba ruwan sanyi. Bai taɓa ɗora ɗuwawunsa a kan tabarmar nan ba, kuma ba wanda ya taɓa hana shi. Kawai dai ba a taɓa matsa masa ba.

Musabbabin wannan waƙi'a ya faru ne a taron bara. An yi baƙo daga wani gari, sai Baffa Barmo, ƙanin mahaifin Haladu kuma dattijon gidan baki ɗaya, ya shiga nuna masa 'ya'yan gida ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin wanda ya gwanance a garma da wanda ya fi kowa iya lauje. Da ya iso kan Haladu, wanda ke tsaye da kofi a hannu, sai tsohon ya yi murmushi ba tare da wata mugun nufi ba, ya ce, “Wannan ma namu ne, ɗan yayana Nomau. Amma shi na ruwa ne.” Mamuda, ɗan Baffa, ƙato mai damatsa kamar turmi, ya tuntsire da dariya, ya raɗa masa Sarkin Sanyi, sunan kuwa ya bi shi har tasha. Haladu ya yi dariya tare da kowa, ya gama rabon ruwansa, ya koma gida bai iya cin naman Sallah ba. Maganar ta zauna masa a ƙirji kamar ƙanƙarar da ta ƙi narkewa.

Ana nan, wata rana da hantsi ciniki ya lafa, yana duba wayarsa, sai ƙaddara ta jefo masa hoton wani mutum na can wata ƙasa mai nisa, yana magana da yaren da Haladu bai san ko gaisuwarsa ba. A gaban mutumin akwai wani bututu da aka naɗe da siririyar waya, an kifa masa ƙarfe a ka. Ya taɓa makunni, sai ga walƙiya shuɗiya tana tsirowa daga kan bututun tana rassa kamar saiwar bishiya, babu gawayi, babu hayaƙi, babu zuga. Ana kiran abin naɗin Tesla, da sunan wani masani da ya daɗe da barin duniya. Haladu ya kalla ya sake kalla har wayar ta yi zafi. Ya ga wuta ce, amma irin wadda mutum zai iya haifarwa yana tsaye daga nesa. Nan take jinin Gagarau, wanda ya shekara arba'in da 'yan kai yana barci a jijiyoyinsa, ya yi miƙa ya tashi zaune.

Ya isa gida ya shaida wa Lantana cewa ya ɗaura ɗamarar kamo walƙiya ya kai ta gaban Baffa. Lantana, uwargida sarautar mata, mai tukunyar zoɓo da ba ta taɓa tsami ba, ta dube shi tun daga sanƙo har silifa. Ta san abin da ke cin sa tun bara, don haka ba ta yi dariya ba. Ta dai kafa sharaɗi ɗaya, cewa kada ya ƙona mata gida, sannan ta ci gaba da tace kunun ayarta.

Sai aka yi shelar fita neman makamai. Sadauki ya hau motar haya zuwa Kano, ya kutsa cikin layukan masu kayan lantarki, inda rumfa ke bin rumfa kamar sansanin da ba shi da iyaka, yana nuna hoton wayarsa ga duk wanda ya yarda ya kalla. Wasu suka ce maganin sauro ne, wasu suka ce eriya ce, wani ya ba shi shawarar ya je asibiti. Bai karaya ba. Ya komo da ganima a cikin baƙar leda: ƙullin wayar tagulla siririya kamar gashin jariri, da wata mai kauri, da dalma, da ƙarfen liƙi, da kuma tarin wasu 'yan baƙaƙen abubuwa masu ƙafafu uku-uku, kowanne bai fi ƙwallon dabino ba, waɗanda ake kira taransisto. Su ne dakarun da za su riƙa buɗe wa lantarki ƙofa suna rufewa da saurin da ido ba ya gani, har sai ya fusata ya yi tsalle sama. Bututun kuwa, guntun na famfo ne da ya tsinto a bayan banɗakinsu.

Arangama ta farko ita ce wadda tarihi ya sani da Yaƙin Naɗi. Ƙa'ida ita ce a naɗe siririyar wayar nan a jikin bututu, zagaye na bin zagaye, ɗaruruwa a jere, kada ɗaya ya hau ɗaya, kada a bar tsakani. Haladu ya zauna a tsakar gida ya tanƙwashe ƙafa, ya kama bututu da hagu, waya da dama, ya yi bisimilla ya afka. Bai yi nisa ba wayar ta zame, duk abin da ya naɗa ya warware ya tashi kamar gashin da aka tsefe. Ya sake, ta tsinke. Ya sake, atishawa ta kama shi a tsakiyar fama. Aka yi kwanaki ana gwabzawa, waya na cin galaba, har ta naɗe masa yatsu da maɓallin riga da ƙafar wata kaza da ta zo wucewa ba ta san ana yaƙi ba. A daidai lokacin da rundunar mutum ɗaya ke shirin juya baya, sai ga ɗauki daga kicin. Lantana ta fito da injin taliyarta, ta ɗaure shi a jikin benci, ta cusa bututun a bakin mariƙin juyawa ta matse da tsumma. Ita tana juyawa a hankali, shi yana saita waya da babban yatsa. Kafin la'asar bututun ya sha naɗi tun daga ƙasa har sama, yana sheƙi ja-ja-ja kamar an shafe shi da man ja. Haladu ya ɗaga shi sama da hannu biyu, kaji suka watse don girmamawa.

Sannan aka shiga Yaƙin Dalma, wanda shi ne mafi tsanani ga zuciyarsa, domin a nan dole ya riƙe ƙarfe mai zafi da hannunsa, abin da ya guje wa tun ranar bayan randa. Ya jona ƙarfen liƙi, ya tsaya daga nesa yana kallonsa kamar maciji. Ya matso, ya ja da baya, ya karanto abin da ya sawwaƙa, ya kama shi ta wutsiya da yatsu biyu. Dalma ta narke, ta ɗiga inda ba a aike ta ba. A karo na gaba ta ɗiga a kan babban yatsansa na hagu. Maruwaita sun saɓa a kan ƙarar da ya yi. Wasu sun ce kirarin kakanninsa ne, maƙwabta kuma sun ce “wayyo” suka ji. Abin da babu saɓani a kai shi ne, bayan ya tsoma yatsan a cikin kofin ƙanƙara ya huce, ya koma ya sake ɗaukar ƙarfen. Wannan kuwa bai taɓa faruwa ba a tarihin rayuwarsa.

Da aka gama haɗa kayan yaƙi, aka zagaya gindin bututun da waya mai kauri, aka kifa masa ƙaramin kwanon silba na Lantana a ka a matsayin kwalkwali, aka kafa ƙusa a tsakiyar kwanon tana kallon sama, sai aka koma shago don gwaji, domin a can batiran suke. Haladu ya cire wa firiza batir, ya jona wa na'urarsa, ya miƙa dogon kara ya taɓa makunni. Aka ji ɗas, wani siririn hayaƙi mai warin ƙonanniyar roba ya tashi, taransisto na farko ya faɗi a fagen fama. Aka kawo na biyu, ya bi sahun ɗan'uwansa tun kafin a gama saita kara. Haka dakarun nan suka yi ta zubewa, ana kwashe gawarwakinsu ana tarawa a gwangwanin madara, yayin da a bayan fage firiza ke zubar da hawaye, ƙanƙara na komawa asalinta, zoɓo na ɗumama kamar shayi. Direbobin tasha suka fara tsallakawa shagon gaba. Ranar nan Lantana ta zo ta tsaya a ƙofar shago, ta dubi ruwan da ya malale har bakin titi, ta dubi mijinta da ke tsugune ido ya yi zuru-zuru. Ta ce masa dakarun da suka rage a leda su ne na ƙarshe, in sun ƙare a mayar wa firiza batirinta, a mayar mata da kwanonta.

Saura biyu a leda. Haladu ya koma ga mutumin cikin waya, ya riƙa tsayar da hoton yana ƙura masa ido, har ya lura cewa bakin wayar mai kauri da shi ya jona a dama, mutumin a hagu ya jona shi. Ya juya su. Ya kuma ɗaure taransiston a jikin wani faffaɗan guntun alminiyam don ya riƙa shanye masa zafi. Ya ja ƙofar shago ya rufe saboda masu leƙe, ciki ya yi duhu ɗumɗum duk da rana na tsaka. Ya miƙa kara.

Sai aka ji wani siririn sauti kamar kukan sauro. A kan tsinin ƙusar nan, wani ɗan harshe mai launin shuɗi da ja-ja ya tsiro, yana rawa, yana tsit-tsit. Tsawonsa bai kai ƙwayar shinkafa ba. Amma a idon ɗan Nomau, sammai ne suka tsage. Ya zube a kan buhun gishiri yana kallo, hawaye na bin kumatunsa, ya ɗaga hannu ya ce, “Ni ne jikan Ci-garwashi.” Lantana, da ke tsaye a bayansa, ta sunkuya ta ƙanƙance ido ta ce ai kuwa ga shi can, ta gan shi.

Washegarin Babbar Sallah, bayan azahar, runduna ta ɗaga zuwa tsohuwar maƙera. Jagora na gaba cikin shaddarsa mai ruwan toka, yana tura baro da aka ɗora wa batir da na'ura an lulluɓe da zanen atamfa. Lantana na biye da kular ruwa, domin a wannan rana ya rantse ba zai taɓa kofi ba. Suka iske zuriya ta cika fili, mazaje a kan babbar tabarma, mata a inuwar zaure, Baffa Barmo a kan buzunsa yana jan carbi, ana ta nuna masa ayyukan shekara, wannan adda, wancan galma. Haladu ya tsayar da baro a tsakiyar fili, inda rana ta fi ƙwallewa, don kowa ya shaida. Ya durƙusa ya gaida Baffa, ya ce shi ma bana ya zo da nasa aikin. Mamuda ya tambaya ko sabon injin ƙanƙara ne.

Sadauki ya matso gaban baro. Ya yaye zane, kwanon silba ya ɗauki ido. Ya umarci jama'a su ja da baya saboda tsaron rayukansu, aka ja, wasu mata suka janye 'ya'yansu cikin zaure. Ya ɗauki karansa, ya fuskanci gabas, ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa ya ce, “Gagarau, ga naka!” Ya taɓa makunni.

Zuriyar Gagarau ta zuba ido. Ga bututu, ga kwano, ga ƙusa, ga ranar bazara tana dukan su gaba ɗaya da hasken da ke sa mutum runtse ido. Ba a ga komai ba. Haladu yana jin kukan sauron nan, ya san walƙiyarsa tana nan a kan ƙusa tana iyakar ƙoƙarinta, amma wace ce ita a gaban rana? Abokiyar gaba da bai taɓa sa ta a lissafi ba ta hallara tun da safe, ta mamaye sama duka. Wani ya yi tari. Wata tsohuwa daga zaure ta tambaya ko an fara. Kafaɗun Mamuda suka soma girgiza, dariya ta kama daga wannan gefen tabarma tana tafiya zuwa wancan. Gumi ya jiƙe shaddar Haladu. Ya dubi kular ruwa, ya ji ƙafafunsa na son su kai shi wurinta, inda ya saba, inda ba a yi masa dariya fiye da kima.

Lantana ce ta shige cikin gida, ta fito da wani ƙaton bargo mai kauri na matar Baffa, irin wanda ko da sanyi sai an yi shawara kafin a rufa da shi. Ta miƙa wa mijinta. Haladu ya kashe na'ura, ya kafa sanduna a kusurwoyin baro, ya yafa bargon ya zama 'yar bukka. Sannan ya sake durƙusawa, ya roƙi Baffa alfarmar ya shigo ya gani da idonsa. Aka yi ta ce wa tsoho kada ya wahalar da kansa cikin wannan zafi. Baffa ya dubi ɗan yayansa, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ajiye carbi, ya dafa kafaɗar Mamuda ya miƙe.

Haka dattijon maƙeran Rafin Tama da mai ƙanƙarar bakin tasha suka tsuguna kai da kai a ƙarƙashin bargo, cikin duhu da zafi kamar cikin tanda, jama'a na kallon duga-dugansu daga waje. Babu wurin miƙa kara, don haka Haladu ya taɓa makunni da yatsansa. Ɗan harshen ya tsiro a kan ƙusa, yana rawa tsakanin fuskokinsu, ya haska farin gemun Baffa da shuɗi.

Tsoho ya ƙura wa ƙusar ido. Can ya ce, “Ina gawayinta?”

“Babu, Baffa.”

“Wa ke zuga ta?”

“Ita ke zuga kanta.”

Baffa ya gyaɗa kai a hankali. Kafin Haladu ya ankara, tsohon ya miƙa yatsa, walƙiya ta yi tsalle ta kama shi, shi kuwa ko gezau, sai ma ya ƙara matsawa ya danne tsinin ƙusar kamar mai kashe lagwanin fitila. Kukan sauro ya koma gurnani, aka ji ɗas, taransisto ya cika aikinsa, hayaƙin roba ya turnuƙe bukkar. Jama'a suka ga bargo na motsi yana tari da murya biyu, sannan ya yaye, mazaje biyu suka fito jiƙe sharkaf, ido jajir.

Mamuda ya taro mahaifinsa yana tambayar abin da ya gani. Baffa ya koma kan buzunsa, ya sha ruwa, ya ɗaga yatsansa ya duba. A kan kantar yatsan akwai ɗan baƙin ɗigo kamar na alƙalami. Ya shinshina shi, ya nuna wa na kusa da shi.

Ya ce, “Ta cije ni. Wuta ce. Ƙarama ce ƙwarai, ban taɓa ganin ƙaramar da ta kai ta ba, amma wuta ce, kuma ɗan Nomau ne ya haife ta. Mamuda, matsa masa.”

Mamuda ya matsa. Haladu ɗan Nomau, gwarzon Naɗi, barden Dalma, mai kamo walƙiya da kwanon sha, ya cire takalmi ya hau babbar tabarma ya zauna. Ya fara shirya jawabin da ya daɗe yana tsarawa game da sirrin lantarki da makomar zuriya. Ya gyara murya. Sai Baffa ya karkato wajensa, ya laluba aljihun 'yar-shararsa, ya zaro wata 'yar ƙaramar waya da aka ɗaure bayanta da roba, ya rage murya.

“In ka gyara ta, tana cajin waya?”

Haladu ya ce a'a, Baffa, ba ta yi.

Baffa ya ce, “To.” Ya mayar da wayar aljihu, ya waiga wajen zaure ya tambaya ko tuwon ya sauka.